Summer of 84 Ko The Good Neighbor: Wanne Ya Cancanci Datarka A Daren Nan?

Wajen ƙarfe tara na dare ƙanina ya turo min saƙo: "Yaya, datata ba za ta ɗauki fim biyu ba. Summer of 84 ko The Good Neighbor?" Na fara rubuta masa amsa a layi ɗaya, sai na goge. Kowannensu na kalle shi sau biyu, kuma abin da na ɗauka a kallon farko ba shi na tashi da shi a na biyu ba. Ga dai amsar da na ba shi, a faɗaɗe, ko za ta yi wa wani amfani.

Finafinan nan biyu 'yan ɗaki ɗaya ne. Dukansu a unguwar bayan gari ta Amurka labarinsu ya faru, irin unguwannin masu matsakaicin hali inda gidaje ke jere babu katanga, ciyawa a share a gaban kowane gida, taga mai faɗi tana kallon titi. Dukansu samari ne 'yan sakandare suka sa wa wani maƙwabci ido. Dukansu akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka garƙame da kwaɗo. Kuma babu wanda babban kamfani ya tsaya wa a cikinsu: a bukukuwan baje kolin finafinai suka fara fitowa, suka ɗan leƙa sinima kaɗan, sannan suka koma intanet inda yawancin mutane suka same su.

Wanda ya tashi a gida mai zaure da katanga zai fara mamakin yadda mutum zai zauna a ɗakinsa yana ganin har teburin cin abincin maƙwabcinsa, amma bai san sana'ar da ta kawo shi unguwar ba, bai san ko yana da iyali ba. A layinmu ba ka ganin tsakar gidan kowa, amma ka san ran da matar gidan ta haihu, ka san wanda bai fito Asuba ba kwana uku. Wannan gani ba tare da sani ba shi ne jarin irin waɗannan finafinai, kuma shi ya sa suke da arha. Titi ɗaya, gida biyu, 'yan wasa biyar ko shida, shi ke nan. Alfred Hitchcock ya kafa tubalin a 1954 da Rear Window, inda mai ɗaukar hoto da ya karye a ƙafa ke leƙen maƙwabtansa ta taga. A 2007 Disturbia ya kwashe dabarar ya kai ta unguwar bayan gari da kuɗi kimanin dala miliyan 20, ya ci kasuwa sosai. Waɗannan biyun ƙannensa ne da ba su da irin aljihunsa. Idan kuwa babu kuɗin fashe-fashe da tseren motoci, nauyin fim gaba ɗaya kan koma kan fuskar mutum ɗaya, wato maƙwabcin da ake zargi. In fuskar ta riƙe ka, fim ya tsaya. In ba ta riƙe ka ba, babu abin da zai cece shi.

Summer of 84 ya fara fitowa a bikin Sundance a Janairun 2018. 'Yan Kanada uku ne suka ba da umarni, François Simard da Anouk Whissell da Yoann-Karl Whissell, waɗanda suka yi Turbo Kid a 2015. Jarumin yaro ne ɗan shekara 15 mai suna Davey, yana raba jarida gida-gida a kan keke a wani ƙaramin gari na jihar Oregon. Yara maza suna ta ɓacewa a yankin. Wata rana ya hango wani yaro ta tagar maƙwabcinsu Wayne Mackey, bayan 'yan kwanaki ya ga hoton yaron a jikin kwalin madara cikin waɗanda ake cigiya. Matsalar ita ce Mackey ɗan sanda ne, mai fara'a, kowa a unguwar yana ganin girmansa. Davey ya tara abokansa uku, suka shiga bibiyarsa: ƙarfe nawa yake fita, me ya sa yake sayen buhunan ƙasa da yawa haka, me ke cikin shararsa.

Batun kwalin madarar nan ba ƙirƙira ba ne. A tsakiyar shekarun 1980 ne kamfanonin madara a Amurka suka fara buga hotunan yaran da suka ɓata a jikin kwalayensu, kuma cikin na farko-farko akwai wasu yara biyu masu raba jarida da suka ɓace a Des Moines ta jihar Iowa. Ka ga ke nan ba a banza aka sa jarumin ya zama mai raba jarida ba. Iyayen wancan zamanin suna da sabon tabon John Wayne Gacy, mutumin da maƙwabta ke cin abinci a gidansa a gefen Chicago, wanda aka kama a ƙarshen 1978, aka same shi da laifin kashe samari 33, mafi yawansu a ƙarƙashin gidan nasa ya binne su. Fim ɗin a kan wannan tsoron ya gina kansa.

The Good Neighbor kuwa ya riga shi fitowa, a bikin South by Southwest na 2016, kuma shi ne fim na farko da Kasra Farahani ya ba da umarni. A nan yaran ba su fara da zargi ba, da mugun wasa suka fara. Ethan da Sean sun jira wani tsoho mai zaman kaɗaici da ke tsallaken titi, Harold Grainey, ya fita cefane, suka shiga gidansa suka dasa ƙananan kyamarori da na'urori. Daga ɗakin Ethan suke sarrafa komai da kwamfuta: su sa ƙofar raga ta riƙa bugawa da tsakar dare, su kunna kiɗa, su kashe fitilu, su sanyaya ɗaki. Nufinsu su sa tsohon ya yarda fatalwa ce ta shiga gidansa, su ɗauki yadda zai firgita, su saka a intanet su yi suna. Sai tsohon ya ƙi firgita yadda suka zata. Yana tsayawa ya yi shiru, yana kallon abin da ba su gani. Yana sauka ɗakin ƙasa, inda ba su da kyamara, ya kwashe sa'o'i. Daga nan ne Ethan ya fara cewa lallai akwai abin da yake ɓoyewa.

Fuskokin biyu sun bambanta kamar gishiri da sukari. Rich Sommer, wanda masu kallon Mad Men suka sani, shi ya fito a Mackey, kuma makaminsa kirki ne. Murya a ƙasa, murmushi, tayin abin sanyi ga yaran unguwa. Akwai wurin da ya zo ƙofar gidan su Davey bayan an tilasta wa yaran ba shi haƙuri, yana magana a hankali kamar babban wa da ba ya riƙe ƙanensa a zuciya, amma ƙafarsa tana neman ta wuce bakin ƙofa. A kallona na farko sai da na gyara zama. Sommer ya iya abin da aka ba shi. Abin da aka ba shin ne bai da yawa: Mackey mutum ne mai fuska ɗaya da ake jira a juya a ga bayanta.

James Caan, da ya fito a Grainey, wani aji ne daban. Lokacin ya haura shekara 70 da 'yan kai, kuma duk wanda ya san shi a Sonny mai saurin fushi na The Godfather na 1972 zai shigo fim ɗin da shirin jin tsoronsa. Masu fim ɗin sun san haka, sun kuma yi amfani da shi. Maganarsa a fim ɗin ba ta da yawa. Yawanci ta kyamarar leƙen asiri muke ganinsa, daga saman kusurwar ɗaki, hoto dishi-dishi, tsoho cikin rigar barci yana jan ƙafa. Daren da ƙofar raga ta dame shi, ya ɗauko gatari ya farfasa ta. A kallon farko abin da na gani mahaukacin tsoho ne mai haɗari. A na biyu, da na riga na san labarin, wani abu dabam na gani a kafaɗunsa da yadda ya tsaya bayan ya gama, kuma babu abin da aka canza a hoton. Wasa ɗaya ya ɗauki fassara biyu, kowace ta zauna daram. Wannan ba kuɗi ke sayensa ba. Caan ya rasu a Yulin 2022, kuma a ganina wannan yana cikin ayyukansa na ƙarshe-ƙarshe da ba a yaba musu yadda ya kamata ba.

Ta wajen yaran kuma, sai ma'aunin ya juye. Davey da abokansa uku ana jin daɗin zama da su. Suna da ɗakin katako a kan bishiya, suna da oba-oba da suke magana da juna da dare, suna wasan ɓuya da tocila a unguwa. Woody, mai ƙiba mai taushin zuciya wanda mahaifiyarsa ke fama da rayuwa, shi ne ya fi shiga raina. Sai dai an zana su da layin da aka saba: ga mai ƙiba, ga mai tabarau sarkin karatu, ga mai bakin tsiya, ga jarumi. Fim ɗin ya fito bayan shiri mai dogon zango Stranger Things na 2016 ya mayar da yara a kan keke a shekarun 1980 abin yayi, don haka da wuya ka kalle shi ba ka ji kamar ka taɓa cin wannan tuwon ba. Kuma bakinsu ba shi da linzami. Hirar batsa ta samartaka ta yi yawa har ta gundure ni, ga yarinyar maƙwabta, Nikki, da aka fara nuna mana ta cikin madubin hangen nesa yara suna leƙenta, rabin fim ɗin ba ta da wani aiki sai zama abin sha'awarsu.

Ethan da Sean ba a jin daɗin zama da su ko kaɗan. Ethan mai tsiwa ne, mai son a san shi, mai juya abokinsa kamar waina. Sean mai ilimi ne da kuɗin uba, ya san abin da suke yi ba daidai ba ne, amma kullum sai ya bi. Logan Miller ya yi Ethan har ka ji kana son ka miƙa hannu cikin waya ka ja kunnensa. Mutane da yawa a nan suke ajiye fim ɗin, kuma ban ga laifinsu ba, domin zama na awa ɗaya da rabi da yaran da ba ka ƙauna aiki ne. Amma da gangan aka yi. Fim ɗin ya zaunar da kai a kujerarsu, gaban allunan kwamfuta, kana leƙen tsoho a ɗakin barcinsa, har ka wayi gari kai ma kana ƙosawa ya sauka ɗakin ƙasan nan a ga abin da ke ciki.

Duka biyun suna da jan ƙafa, amma ba iri ɗaya ba. Summer of 84 ya ɗan haura minti 100, kuma kusan awa guda ana zagaye wuri ɗaya: a bi Mackey, a tona shara, a tona lambu, a koma ɗakin bishiya a yi gardama. Kiɗan Le Matos, irin na na'ura mai kwaikwayon zamanin, yana ɗauke wasu wuraren da labari ya kwanta. Babban rauninsa shi ne babu wani wanda ake zargi sai mutum ɗaya, don haka tambayar ba ta wuce e ko a'a ba, kuma mai kallon da ya saba zai yanke hukunci da wuri. The Good Neighbor bai kai minti 100 ba, amma ya daddatsa kansa da zaman kotu. Tun farko ana nuna maka shaidu suna ba da bayani, ka san wani mummunan abu ya faru, ba ka dai san wa ya faɗa wa ba. Dabarar tana da ma'ana, sai dai wuraren kotun su ne mafi rauni a fim ɗin: fili a bushe, 'yan wasa suna karanto magana, kuma duk lokacin da fargaba ta fara taruwa sai a yanke a kai ka can. Akwai kuma abin da hankali ke ƙi. Yara biyu su dasa wa gida guda wayoyi da na'urori cikin ɗan lokacin da mai gida ya je kasuwa, ba a bar ko alama ba, wannan sai dai a kawar da kai.

Ga mai kallo a waya akwai wani bambancin da ya kamata a sani. Summer of 84 fim ne mai tsabtar hoto, an kashe ɗan abin da ake da shi wajen kaya da motoci da launin zamanin, amma yawancin wuraren da suka fi muhimmanci da dare ne, da hasken tocila. Na fara kallonsa da rana a tsakar gida, fuskata kawai nake gani a gilashin wayar, dole na bari sai dare. The Good Neighbor rabinsa hoton kyamarar tsaro ne, wanda dama an yi shi ya zama mara kyau, don haka ko ƙaramin kwafi ka sauke ba ka yi asarar komai ba. A nan ƙarancin kuɗi ya zama ado.

Babu ɗayansu da zan ce a kunna a falo gaban yara ko gaban surukai. Na farkon akwai ashar da batsa da yankan da ido ke gani. Na biyun akwai ashar, da ɗan abin da samari ke yi in iyaye ba sa gida, da kuma mutuwar da za ta yi wa mai raunin zuciya nauyi.

Abin da na ce wa ƙanina ke nan: in tsoro kake nema, irin wanda zai sa ka tashi ka duba sakata, ka ɗauki Summer of 84, ka yi haƙuri da awar farko, minti 20 na ƙarshe za su biya ka. In kuwa kana son fim ɗin da zai kwana da kai ya tashi da kai, ka ɗauki The Good Neighbor. Ni shi na zaɓa, duk da na san Summer of 84 ya fi shi kyawun gini da daɗin kallo. Dalilina yana cikin ƙarshen labaran, don haka wanda bai kalla ba kuma ba ya son a tona masa, ya dakata a nan.

A Summer of 84 zargin Davey gaskiya ne. Sun shiga ɗakin ƙasa da kyamarar bidiyon babansa, suka tarar da gawa a bahon wanka da wani yaro a ɗaure da ransa, suka kuma gane hotunan da ke jikin bango na waɗanda aka kashe ne. Irin wannan fim a nan yakan tsaya, a tafa wa yara. Wannan bai tsaya ba. Mackey ya ɓuya a cikin rufin gidan su Davey, ya sauko da dare ya kwashe shi da Woody zuwa wani tsibiri, ya yanke wa Davey agara, ya yanka Woody, sannan ya bar Davey da rai da alkawarin zai dawo wata rana. Fim ɗin ya rufe da yaron a kan kekensa yana raba jaridar da ke cewa har yanzu ba a kama makashin ba. Jikina ya yi sanyi, musamman saboda Woody. Kuma masu cewa ɗan sanda ba zai yi haka ba, watanni uku bayan fitowar fim ɗin, a Afrilun 2018, aka kama Joseph DeAngelo a Kalifoniya, tsohon ɗan sanda da ya yi shekaru yana zaune lafiya cikin maƙwabta bayan kashe-kashen da ya yi a shekarun 1970 da 1980. Ƙarshen yana da ƙarfin hali. Abin da ya rage min shi ne, duk ta'asar da yaran suka yi, leƙe da fasa gida da tona shara, labarin ya wanke su tas, tunda mutumin ya tabbata mugu. A kallo na biyu babu sabon abin da na samu, jiran tsibirin kawai nake yi.

A The Good Neighbor babu gawa a ɗakin ƙasa. Kayan matarsa ne, wadda ciwon daji ya kashe bayan ya yi jinyarta. Duk abin da yaran suka kunna don su tsorata shi, wani abu ne ya taɓo daga zamansu tare, shi ya sa bai gudu ba: a zatonsa ita ce. Akwai 'yar ƙararrawa da ya ba ta lokacin jinya, ta riƙa kaɗawa in tana bukatarsa. Daren da Ethan ya shiga gidan da kansa, ya ɗauko ƙararrawar ya bar ta inda ba nan take ba. Tsohon ya fito ya gan ta, ya ɗauka kiransa take yi, ya ɗauki bindiga ya kashe kansa, kyamarorin yaran suna ɗauka. Sannan ga abin da ya sa Ethan ya zaɓe shi tun farko: Grainey ya taɓa shiga tsakani a wata rigima ta iyayen yaron, bayanta uban ya bar gidan, yaron ya ƙullace shi. Wato mutumin da aka yi ta nuna mana a matsayin dodo shi ne kaɗai maƙwabcin da ya taɓa tsallako titi don ya kare wani.

Mu da aka karantar da mu aya ta 12 ta Suratul Hujurat tun muna ƙanana, wadda ta haɗa hani ga yawan zato da hani ga bin diddigin asirin mutane a wuri guda, muka kuma ji iyaye na cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya, labarin nan ba baƙo ba ne a kunnenmu. Abin da fim ɗin ya yi da ya dame ni shi ne ya sa ni cikin masu zaton. Minti 80 ina tare da Ethan, yaron da ba na ƙauna, ina jiran a buɗe ƙofar nan a ga gawa. Masu sukar fim ɗin suna cewa waiwayen da ake yi ana nuna matar ya karya dokar da fim ɗin ya kafa wa kansa, tunda yaran ba su da kyamarar da ke ganin zuciyar tsoho, kuma an matsa wa mai kallo ya yi kuka. Akwai gaskiya a ciki. Da an rage waiwayen da rabi an bar wa fuskar Caan aikin, da fim ɗin ya fi haka. Amma hoton ƙarshe ya tsaya min a wuya: kotu ta sallami yaran da hukunci mai sauƙi babu zaman gidan yari, Ethan ya fito ya ga 'yan jarida sun yi cincirindo da kyamarori suna jiransa, sai murmushi ya fara sauka a fuskarsa.

Abu ɗaya na ja wa ƙanina kunne a kai kafin ya taɓa datarsa. Akwai wani fim mai suna The Good Neighbor da ya fito a 2022, da Jonathan Rhys Meyers, labarinsa a birnin Riga na ƙasar Latbiya, ba shi da alaƙa da wannan. Na ce ya duba shekarar, 2016, ya kuma tabbata akwai sunan James Caan. Wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi wayata ta yi ƙara. Shi ne. Ya rubuto: "Yaya, ashe ƙararrawar matarsa ce." Bayan minti biyu ya ƙara da cewa gobe in ya sa data zai sake kallonsa daga farko.